Na Je Greensboro Ɗauko Ummi

Sati uku ke nan da dawowata, har yau ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da zuwa, tun ba ta gama cire takalmi ba za ta ce, "To Hajiya Rabi, ya kika baro Amurka?" Na san ba Amurkar ce ta dame su ba. So suke su ji yadda aka yi na tafi ɗauko jikata na dawo ni kaɗai. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ta fita ta ƙara masa nata gishirin, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata takarda.

Autana Kabiru ya daɗe a wani gari da ake kira Greensboro, yana tuƙa babbar mota. A can ya auri Hadiza, 'yar Damagaram. Ta haihu da kwana huɗu Allah ya yi mata rasuwa. Aka sa wa jaririyar sunana, ana kiranta Ummi. Kabiru mutumin kan hanya ne, sai ya yi abin da kowannenmu zai yi: ya ɗauki jaririyar ya kai wa yayar matarsa, Hauwa, ya ce ga 'yarki nan. Ba takarda, ba shaida. Wa ya taɓa rubuta takarda don ya ba 'yar'uwa riƙo?

Ummi na da shekara tara Kabiru ya rasu a hatsari. Ban samu zuwa jana'iza ba, biza ta ƙi fitowa. Bayan 'yan watanni abokinsa Alhaji Nura ya kira ni. Ya ce za a yi wa Ummi ɗan aiki a maƙogwaro, asibiti suka nemi wanda zai sa hannu, sai aka tarar a takarda Hauwa ba kowa ba ce. An ɗage aikin, ma'aikatan kula da yara sun fara zuwa gidan, kuma Hauwa ta je wajen lauya.

Daga kalmar lauya ban ƙara jin komai ba. Wato ƙarata za ta kai a kan jinina? Na sake neman biza, wannan karon ta fito. Na shiga kasuwa na sayi ƙaramin jan akwati mai taya. Na ce da tafiya zan cika shi da tsaraba, da dawowa ya ɗauko kayan Ummi.

Daga Kano na bi ta Legas. Ni da na yi shekara talatin ina tsawata wa 'yan firamare, sai ga ni wata yarinya mai kaki tana ce mini in cire takalmi, in ɗaga hannu, in juya. Na yi. A cikin jirgi kuma zama ya gagare ni. Na tashi na je bayan gida ya fi sau shida, ba don ina jin komai ba, sai don ƙafata ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Wani Bayarabe da ke gefena ya gaji, ya ce mu yi musayar kujera in koma bakin hanya. Lokacin salla ya rikice mini, don rana ta ƙi faɗuwa, muna tafiya tana bin mu.

A Atlanta aka duba mu. Wani ƙaramin kare mai dogon kunne ya ratsa mutane da yawa, bai tsaya ko'ina ba sai jikin jan akwatina, ya zauna. Jami'in ya buɗe, ya zaro kilishin da na sa aka yi wa Ummi musamman, ya ce nama ba ya shiga. Na ce busasshe ne. Ya ce ko busasshe. Ya ɗauko daddawa ya kai hanci, ya yi baya da sauri, ya tambaye ni ko ta lalace ne. Na ce haka Allah ya yi ta. Ya mayar mini da ita da kuka da yaji, kilishi kuwa ina kallo ya tafi kwandon shara. Da aka tambaye ni abin da ya kawo ni na ce ganin jikata. Sauran maganar na bar ta a cikina.

Alhaji Nura ya tarye ni a Greensboro ya kai ni gidansa, wani bene a gefen titin Wendover. Titin nan ban taɓa ganinsa babu mota ba, kuma ban taɓa ganin mutum a ƙasa yana tafiya ba. Da safe shi ya tafi aiki, matarsa Zulai ta tafi nata, yara su tafi makaranta, a bar ni da talabijin. Maƙwabciyarsu na gaishe ta, ta yi mini murmushi ta rufe ƙofa har da sakata. Kajinsu ƙattai ne kamar talo-talo, amma in ka rufe ido ba za ka san me kake tauna ba. Rana ta biyu na ce bari in yi miyar kuka ta gaskiya. Ina soya manja wani abu a silin ya fara ihu. Na kashe wuta, na buɗe taga, na yi ta salati, bai daina ba. Zulai ta dawo ta same ni a waje da mayafi da fasfo a hannu. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Hajiya, alam ɗin hayaƙi ne, tawul ake kaɗa masa."

Ran Asabar aka kai ni Glenwood, unguwar su Hauwa. Ƙananan tsofaffin gidaje ne kusa da jami'a, ɗalibai na ta wucewa a keke. Nan dai na ga mutane da ƙafa, na ɗan ji sanyi. Hauwa kitso take yi a falonta. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta yi mini gaisuwar Kabiru, ni kuma na amsa a daƙile. Sai ga Ummi ta fito daga ɗaki. Goshin Kabiru, tafiyar Kabiru, har yadda yake karkata kai in yana kallon baƙo. Sai da na nemi kujera na zauna.

Da la'asar sakaliya yarinyar nan ta ce mini, "Ina kwana, Kaka." Iyakar Hausarta ke nan a ranar. Duk abin da na tambaye ta da Hausa tana ji, amma da Turanci take mayar mini, kuma kafin ta amsa sai ta kalli Hauwa. Na ce a raina gara da na zo, saura kaɗan yarinya ta ɓace.

Ban ɓoye ba, na ce wa Hauwa na zo tafiya da Ummi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Hajiya, ai ɗiyarku ce. Ni riƙo aka ba ni." Na ce madalla. Zancen lauya kuma ta ce a asibiti aka ba ta sunan lauyar, don a samu mai sa hannu. Na ji kunya kaɗan, amma kaɗan ɗin ne.

A mota Alhaji Nura ya ce mini, "Hajiya, nan fa ba a ɗaukar yaro a hau jirgi haka nan. Sai kotu ta ce wa ke riƙe da ita. Ke ma sai kin ga lauyar nan." Zulai ta juyo daga gaba ta rage murya, duk da mu uku ne a motar. "Hajiya, kin san ko wace ce? Lauyar masu auren jinsi ce fa. Su take wa aiki shekara da shekaru. An ce ita ma haka take." Na yi a'uziyya. Kwana uku ina juya maganar, in zauna in tashi, in buɗe jan akwati in rufe. Amma hanyar Ummi ta wajen matar nan ta bi, dole na shirya.

Lauyar, Helen sunanta, ta rage aiki saboda shekaru, a gidanta take ganin mutane, a wani ƙaramin gari kudu da Greensboro mai suna Pleasant Garden. Gidajen can kowanne da filinsa, tsakanin gida da gida sai ka yi kira ba a ji ba. Na yi ta tunanin in mutum ya faɗi a nan wa zai sani. Alhaji Nura ya ajiye ni da Hauwa ya tafi, ya ce in mun gama mu kira shi.

Wata tsohuwa mai furfura ta buɗe mana ƙofa, hannunta duk ƙasar lambu. Ta ce sunanta Rut. Ta kawo mana shayi mai ƙanƙara, mai zaƙi kamar an zuba buhun sukari. Ni da na sha gargaɗi kwana uku, bakina ya riga ni, na gaishe ta yadda na saba, na ce ya maigida, ya yara. Ta yi murmushi ta ce yara sun girma sun tafi, maigida kuwa babu, ita ce matar Helen. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kofin shayi. Zan faɗi gaskiya tunda rubutu nake: addinina bai yarda da wannan ba, kuma yadda na shiga gidan da wannan fahimta haka na fito da ita. Sai dai na zo da shirin ganin wasu irin halittu, abin da na tarar tsofaffi biyu ne, ɗaya na ciwon gwiwa irin nawa, ɗaya na yi mata faɗa ta zauna.

Lauya Helen gajera ce mai kauri, tabarau a rataye a wuya. Bangon ofishinta hotuna ne tun daga sama har ƙasa. Yara a gaban kotu, wasu da uwa da uba, wasu da mata biyu, wasu da maza biyu, wasu da kaka kaɗai. Ta ce duk yaran da ta yi wa takarda ne. Ta fara da gaya mini cewa ita lauyar Hauwa ce, ina da damar ɗaukar nawa. Na ce ba na bukata, ni shari'a ba ta kawo ni ba.

Ta bayyana mana hanya mafi ƙarfi a dokarsu: Hauwa ta mayar da Ummi 'yarta gaba ɗaya, a fitar da sabuwar takardar haihuwa da sunan Hauwa a gurbin iyaye. Na ce sunan Kabiru fa? Ta ce za a cire. Kafin in buɗe baki Hauwa ta riga ni, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "A'a! Ba a canza wa ɗiya uba!" Na ƙara da cewa a addininmu kana iya riƙon yaro har ya yi furfura, amma sunan ubansa nasa ne. Lauyar ba ta yi musu ba. Ta rubuta, ta ce akwai wata hanyar: kotu ta naɗa mai riƙo, wadda za ta riƙa sa hannu a asibiti da makaranta da fasfo, suna kuma ya zauna yadda yake. Sai dai mutum ɗaya za a naɗa. In Hauwa ce, Ummi ta zauna. In ni ce, sai in roƙi kotu in tafi da ita.

Ta juya wajen Hauwa ta ce, "Za a tambaye ki a kotu, gara in fara tambayarki. Kina son a bar miki Ummi?"

Hauwa na jin Turanci daidai gwargwado, amma da Hausa ta amsa, idonta a ƙasa. "Abin da Hajiya ta ce shi ne. Ɗiyarsu ce."

Ni na fassara, kalma da kalma, ban rage ba ban ƙara ba. Har da ɗan jin daɗi na fassara.

Lauyar ta cire tabarau. Ta ce in Hauwa ta faɗi haka a kotu, za a rubuta cewa ba ta nema, magana ta ƙare. Sannan ta dube ni. "Hajiya, ni ban san al'adarku ba, ke kika sani. A wajenku, mace in tana son yaron da ta raina, tana iya faɗa a gaban kakarsa ta wajen uba?"

Na san amsar sarai. Wace 'yar mutunci ce za ta dubi tsabar idon uwar mamaci ta ce ba ni jikarki? Kara ce Hauwa take yi mini, kuma tun ranar Asabar na san kara ce. Na karɓa ne don ta yi mini daidai. Na kalli hannunta, ta murɗe gefen mayafinta har yatsun sun yi fari.

Da lauyar ta ga ban amsa ba, sai ta ba mu labarin abin da ya sa ta wannan aiki. Ta ce tana sabuwar lauya wata mata ta zo mata. Ita da abokiyar zamanta sun raini yaro shekara bakwai, ɗayar ce ta haife shi. A lokacin doka ba ta san da zamansu ba, don haka sunan mutum ɗaya ne a takarda. Mahaifiyar ta rasu. Washegarin jana'iza dangi suka zo da mota suka kwashe kayan yaron. Lauyar ta kai ƙara a madadin matar, ta faɗi. Matar ba ta sake ganinsa ba. Ta ce tun daga ranar, duk iyalin da suka shigo ofishinta abu na farko da take dubawa shi ne wa ke tashi in yaro ya yi zazzaɓi, kuma ko sunansa na cikin takarda. Ta ce yanzu doka ta canza, amma har gobe tana ce musu su yi takarda, don asibiti ba ya tambayar wa ya yi raino.

Na ce, da ɗan zafi, "Dangin nan ai jininsu ne."

Ta ce, "Ƙwarai. Kuma ba mugaye ba ne, na gan su. Suna son yaron. 'Yarsu ce ta mutu, shi kaɗai ya rage musu."

Raina ya ɓaci, don na so ta zage su in samu abin faɗa. Na miƙe na ce a kira Alhaji Nura. A ƙofa Rut ta cika mana leda da tumatir na lambunta. Na karɓa, don ba a koya mini mayar da kyauta ba.

Washegari zama ya gagare ni a Wendover. Na sa takalmi na fita, wai zan taka zuwa Glenwood. Na yi tafiya mai nisa, hanyar ƙafa ta ƙare, na koma bin ciyawar gefen titi, motoci na wuce ni kamar za su tafi da zanina. Wata baƙar fata ta tsayar da motarta ta ce, "Mama, lafiya?" Na nuna mata adireshi, ta ce na juya wa unguwar baya tun tuni. Ita ta kai ni har ƙofa, tana yi mini faɗa kamar 'yata.

Na ce wa Hauwa nan zan zauna sauran kwanakina. Kwana goma na yi a gidan, ina kallo, kuma neman laifi nake. Na samu kaɗan: yarinya ba ta iya cin tuwo da hannu ba, kuma tana kallon babba a ido. Amma da asuba Hauwa ke tashinta salla. Ta san tarin da yake na wasa da wanda yake na asibiti. Ta san sunan malamarta ta lakwal, kamar yadda suke ce wa makaranta, da sunan yarinyar da ke tsokanarta. Hoton Kabiru da Hadiza na saman gadon Ummi, kuma duk Juma'a sai ta sa ta yi musu addu'a da sunansu.

Wata rana Ummi ta ga jan akwati a bayan ƙofa. Ta ja shi ta zagaya falo tana murna, ta tambaye ni na wa ne. Na ce nata ne. Ta tsaya. Ta ce, da Turancinta, "Na Mama fa? Ina nata?" Hauwa na tsaye da kwano a hannu, ta juya ta shige kicin. Na ji an buɗe famfo, an bar shi yana ta zuba.

Na bi ta. Na kashe famfon. Na ce, "Hauwa, bar ganin girmana. Don Allah, kina son ta?"

Ta ce, "Hajiya, ɗiyarku—"

Na ce, "Na haɗa ki da Allah."

Sai ta zame ta zauna a ƙasan kicin, ta rufe fuska da mayafi. Ta ce, "Tun tana kwana huɗu, Hajiya. Ban san yadda ake kwana babu ita ba." Na zauna kusa da ita a kan tayil mai sanyi, da gwiwata mai ciwo, muka yi kukan Kabiru da Hadiza tare. Ni dai na san ba Ummi kaɗai na zo ɗauka ba. Ɗana nake nema, ba a nuna mini gawarsa ba, na zo in tafi da abin da ya yi kama da shi.

Zaman kotun bai kai yadda nake tsoro ba. Ƙaramin ɗaki ne, wata jami'a a bayan tebur. A bakin ƙofa Lauya Helen ta ce wa Hauwa, "Yau ki ɗaga kai." Da aka tambayi Hauwa ko tana son riƙon Ummi, ta kalle ni tukuna. Na harare ta irin hararar da nake yi wa ɗalibai. Ta ce tana so, da murya ƙasa-ƙasa, amma an ji. Aka tambaye ni ko ina da ja. Na ce ba ni da shi, sharaɗina biyu: sunan uba ya zauna, kuma a riƙa kawo mini ita hutu. Jami'ar ta ce na farko yana cikin takarda, na biyu kuwa tsakaninmu ne. Hauwa ta ce ta ɗauki alkawari.

Da muka fito lauyar ta nemi ɗaukar hoto don bangonta. Na tuna hotunan da za a jera mu da su, na tuna bakin Zulai. Sannan na gyara ɗaurina na tsaya, Ummi a tsakiya. Na ce wa lauyar na gode, kuma har zuciyata na faɗa. An yi wa Ummi aikinta kafin in taho, Hauwa ce ta sa hannu, ina zaune ina kallo.

Jan akwati na bar shi a Glenwood, an ce da shi Ummi za ta zo hutu. Ban sani ba ko za ta so Kano, ko za ta iya zafinmu. Har yanzu wani lokaci ina cikin aiki sai in ji kamar na yi wauta, in tashi in zagaya tsakar gida in dawo.

A filin jirgin Kano babban ɗana ya zo taryata da matarsa da yara, har da 'yar tsana da suka saya wa baƙuwa. Ya karɓi jakata, yana ta leƙen bayana. Ya ce, "Hajiya, ina Ummin?"

Na ce, "Tana wajen uwarta."